Ƙafar Wando a Cikin Safa

Ranar da Auta ta fara ganinsa, dariya ce ta fara zo mata, irin wadda ake yi ta hanci. Tana zaune a bakin taga cikin bas ɗin da ke kai ta aiki, danja ta tsayar da su, sai ga wani a kan keke ya zo ya tsaya daidai tagarta. Daga kai zuwa ƙugu mutum ne kamar kowa: hular kwano, tabarau, riga mai guga, jaka goye a baya. Daga ƙugu zuwa ƙasa ne abin ya lalace. Ƙafar wandonsa ta hagu tana nan yadda tela ya ɗinka ta, ta dama kuwa ya tattare ta ya cusa cikin wata jar safa, sai ka ce wanda zai tsallaka kwata.

Ba halinta ba ne yi wa baƙo magana, amma rainin da ya cika ta bai bar ta ta yi shiru ba. Ta zuge gilashi.

"Malam, wandonka ya shige safa."

"Na sani," in ji shi. "Ni na sa shi."

Ya nuna mata kacar keken, wadda ke gefen dama, ya ce duk wanda bai yi haka ba, ko dai kaca ta cinye masa bakin wando ko ya isa ofis da baƙin mai har ƙwauri. Ta taɓe baki ta ce ai da ya sayi mota da ya huta da wannan wahala. Ya waiga ya dubi layin motocin da ke gefensu, sun yi cirko-cirko har inda ido ya ƙare, kowace da mutum ɗaya a ciki, wani na dukan sitiyari, wani na danna wa na gabansa hon alhali shi ma na gaban ba inda za shi.

"Kamar yadda waɗannan suka huta?"

Danja ta saki. Ya kaɗa ƙararrawa sau biyu, ya sulale, ya bar ta da amsa a baki.

Daga ranar ta raɗa masa Ƙararrawa, don ba ta ga ya cancanci a tambayi sunansa ba. Kusan kowace safiya sai sun haɗu a wannan danja, ya kaɗa sau biyu, ita kuma ta kawar da kai. Sai dai mai kawar da kan nan ta koma yin sammako don kada wani ya riga ta kujerar taga. Da abokiyar aikinta ta tambaye ta dalili, cewa ta yi iska take so.

A shagon tabarau take aiki, tana gwada wa mutane firam, tana ɗaure na waɗanda suka saki. Wata rana da hantsi ta ɗaga kai sai ta gan shi tsaye gaban kanta, hular kwano a hannu, yana miƙo mata tabarau mai karyayyen hannu. Ya ce sunan shagon ya gani a jikin jakarta. Ta juya tabaran ta duba, ta ce wannan karaya ba ta faɗuwa ba ce, da hannu aka yi ta. Bai musa ba. Ya ce ya daɗe yana jiran su karye da kansu, sun ƙi.

Kafin ta gama gyaran ta san cewa zanen gine-gine yake yi a wani ofis, kuma abin da ya fi ba ta haushi, ba rashi ne ya ɗora shi a kan keke ba. Ya taɓa yin mota ya sayar. Ya ce lokacin da yake da ita safiyarsa a cunkoso take ƙarewa, yammarsa a neman wurin ajiye ta, hutunsa a garejin makaniki, har ya wayi gari yana zagin mutanen da bai taɓa gani ba ta cikin gilashi. Yanzu wuri mai kusa keke, mai nisa bas ko jirgin ƙasa, rigar ruwa a jaka, rigar canji a ofis, cefane a kwandon baya. Auta ta ce wannan ba rayuwa ba ce, horo ne. Ta kuma ba shi lambar wayarta, wai don ya sanar da ita idan gyaran ya saki.

Gyaran bai saki ba, amma saƙo bai daina zuwa ba.

"Fasinja, yau ban gan ki a taga ba. Na kaɗa wa wani dattijo mai gemu ƙararrawa, ya harare ni. Lafiya dai?"

"Lafiya lau, makara na yi. Kuma ka daina ce mini Fasinja, ba a kan kekenka nake ba."

"Tukuna."

Ta karanta wannan kalma guda ta kife wayar a kan kanta, ta ɗauke ta ta sake karantawa.

Haka abin ya yi ta tafiya. Ran hutu yakan ɗaure kekensa a tasharsu su shiga bas tare, ya nuna mata garin da aka haife ta a ciki kamar baƙuwa: inda ake sauka a tsallaka gada a kama jirgi, layin da ke bi ta bayan kasuwa ya kauce wa cunkoso, wani lambu a ƙarshen hanya inda ya koya mata hawa keken ƙanwarsa, yana riƙe da sirdi yana gudu a bayanta har ta daina ihu. Tana tsokanarsa da jar safa, yana tsokanarta da cewa ita da ke raina marasa mota, ita ma ai tikitin bas ne a jakarta. Ta ce nata na ɗan lokaci ne, kafin ta yi aure. Ya ce to Allah ya kawo mai mota. Ta ce amin, amma muryarta ba ta fita sosai ba.

Matsalar tana gida. Mahaifin Auta tsohon direba ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa wani mai kamfani da iyalinsa. Da ya ajiye aiki aka sallame shi da tsohuwar motar gidan. Bai daɗe yana jin daɗinta ba ciwon ido ya kama shi, irin wanda likita ya ce ba ya warkewa, sai dai a riƙa zuwa asibiti a kan kari ana tsare abin da ya saura. Motar ta koma tsakar gida, an ɗora ta a kan bulo, an rufe da tamfol. Kowace safiya Baba zai yaye tamfol ɗin ya goge ta da tsumma, ya buɗe ƙofa ya rufe don ya ji ƙarar, sannan ya koma bencinsa na ƙofar gida. Tun da ya daina tuƙi bai yarda ya taka tashar bas ba. A wurinsa mutane kashi biyu ne, masu tuƙi da waɗanda ake wucewa a bakin titi, kuma ya sha faɗa cewa 'yarsa ba za ta auri wanda zai bar ta a bakin titi ba.

Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta riƙe Auta tun rasuwar mahaifiyarta, ta ma riga ta samo wanda take so. Ɗan wata ƙawarta ne, 'yan unguwa suna kiransa Mai Makulli, domin makullin motarsa ba ya shiga aljihu. A yatsa yake juya shi, in ya shiga gida sai ya fara ajiye shi a kan tebur da ƙara kafin ya yi gaisuwa, kamar makullin ne babba shi ɗan rakiya. Hirarsa ba ta wuce taya da fenti da wanda ya goge masa madubi. In ya zo ba ya sallama, hon yake dannawa a ƙofa. Baba ba ya son wannan ɗabi'a, amma yakan haɗiye, tunda dai abin da ke yin hon ɗin mota ce.

Da lokaci ya yi da Ƙararrawa zai zo gaishe da Baba, Auta ta kwana biyu tana juya abin a ranta, sannan ta aika masa.

"Ƙararrawata, ina roƙon alfarma guda. Ranar da za ka zo, ka aro motar wani a ofis ɗinku. Rana ɗaya kawai. In Baba ya san halinka, sauran mai sauƙi ne."

"Fasinja, in na zo a motar wani, halin wa zai sani?"

"Ba ka san Baba ba. In ya ji ƙarar keke ba zai bari ka zauna ba ma. In kana sona ka yi mini wannan."

Amsar ta daɗe ba ta zo ba. Da ta zo, gajeriya ce.

"To. Amma raina bai so ba."

Samarin da so ya kama ba su da wuyar turawa rami, kuma wannan, duk iya maganarsa, bai fi sauran ba.

Ranar da yamma Baba yana kan benci, Gwaggo a bakin ƙofa, Auta tana leƙe ta bayan labule. Motar ta shigo layin tana tsalle kamar mai shaƙuwa, domin mai tuƙin ya daɗe rabonsa da kuloci. Da ya zo juyawa wajen gidan, sai ya miƙa hannu zai nuna inda zai bi, yadda masu keke ke yi, ya manta gilashi a rufe yake. Har cikin gida Auta ta ji ƙarar yatsunsa. Ya tsaya a karkace, ya fito, ya gyara riga, ya nufo Baba cikin ladabi. A nan Auta ta ga abin da ya sa ta dafe bango. Ƙafar wandonsa ta dama tana cikin jar safa. Hannunsa ya yi abin da ya saba yi kullum a bakin ƙofa kafin fita, bai shawarci kansa ba.

Gwaggo ta dubi motar, ta dubi safar, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Idon Baba ya yi rauni, amma ja a kan baƙin wando ba ya ɓuya. Ya bar saurayin ya durƙusa ya gama gaisuwa, sannan ya tambaye shi a hankali, ta wane gefe ake zuba wa motar nan mai. Ƙararrawa ya waiga ya dubi motar. Ya juyo ya sunkuyar da kai ya ce ba tasa ba ce, aro ya yi, shi keke yake hawa.

"Da a kan keken ka zo, da na ce maka a'a, ka tafi da mutuncinka," in ji Baba. "Yanzu ga a'a, mutuncin kuma ka nemi inda ka yar da shi."

Bayan ya tafi Auta ta fito tana kuka ta ce laifinta ne, ita ta matsa masa. Tana tsammanin wannan zai sassauta, sai ya ƙara ɓata lamarin. Baba ya ce namijin da yarinya za ta tura cikin motar wani ya shiga, gobe wani zai tura shi wani wurin. Gwaggo kuwa ta samu abin hira. Duk wadda ta shigo gidan sai ta tattare zaninta ta gefe guda ta kwaikwayi tafiyarsa, ta ce an kawo musu suruki mai ƙafa ɗaya da rabi.

Ta aika masa saƙon ban haƙuri, ya amsa da cewa ba komai, daga nan shiru. Gwaggo ba ta ɓata lokaci ba, ta shirya cewa Mai Makulli zai riƙa kai Auta aiki, zai kuma riƙa kai Baba asibiti, tunda maƙwabcin da ya saba kai shi ya tashi daga unguwar. Safiyar farko Auta ta shiga gaban motar don gudun faɗa. Sanyi har ƙashi, turare har maƙogwaro, suna tsaye wuri ɗaya, Mai Makulli yana zagin duk wanda ya kusanci fentinsa. Ta ga bas ɗinta ya bi layinsa ya wuce su. A daidai danjar nan tasu kuma sai ga keke ya zo ya tsaya a gefenta. Ya dube ta ta cikin gilashi, ya dubi mai tuƙin. Danja ta saki, ya wuce. Bai taɓa ƙararrawa ba.

Mai Makulli ya ce dubi wannan, ƙato da shi yana tuƙa ƙarfe da cinya. Auta ta kawar da kai. Ta isa aiki a makare, ta shiga bayan kanta ta rubuta.

"Ba da son raina na shiga ba. Gwaggo ce. Ka wuce ni kamar ba ka san ni ba."

"Na ga kin samu abin da kika ce amin a kansa. Ban so in dame ki da ƙara."

"Na janye amin ɗin. Gobe ina bakin taga."

Washegari tana taga, amma bai bi ta hanyar ba. Sai da rana saƙo ya shigo.

"Fasinjata, ba ke nake fushi da ke ba, da kaina nake. Wanda ya je gidanku ran nan ba ni ba ne. Zan zo in gaishe da Baba da kaina, ko da korata zai sake yi. Wace rana yake gida da safe?"

Ta ce kullum yana gida, ban da ranar asibiti, ta faɗa masa ranar don ya kauce mata. Ta kuma gaya masa abin da ke damunta: wancan zuwan ya wuce Baba, saboda Mai Makulli ya kai mota wanki bai zo ba sai da aka tashi, kuma likita ya yi kashedi cewa in aka ci gaba da tsallakewa, ɗan ganin da ya rage zai tafi.

Ranar asibiti Auta ta nemi izini a wurin aiki. Tun da sassafe Baba ya yi wanka ya sa kayansa masu kyau ya zauna a benci, sanda a tsakanin gwiwoyi. Rana ta ɗaga. Auta ta kira Mai Makulli, ya ce yana hanya. Ta sake kira, ya ce cunkoso ne, ga shi nan. A kira na gaba har ya fara jin haushi, ya ce shi ba tashi sama zai yi ba. Ta durƙusa gaban Baba ta roƙe shi su bi bas, tasha ba nisa. Ya ce shi da ya tuƙa manya, ba zai tsaya a bakin titi yana ɗaga wa yaron wani hannu ba, gara idon ya rufe. Gwaggo ta ce a ƙara haƙuri, mai mota ai ba ya rasa uzuri.

Sai aka ji ƙararrawa sau biyu a bakin layi.

Ya sauka tun daga nesa ya turo keken da hannu, wando cikin safa, wannan karon da saninsa. Ya yi sallama ya durƙusa. Ya ce ya zo ne ya ba da haƙuri a kan ƙaryar da ya yi, ba ya neman a sauya magana, kuma ga abin hawansa na gaskiya, Baba ya gani. Baba ya ce ya gani, abin da yara ke zuwa aike da shi ne. Ƙararrawa ya ce haka ne. Sannan ya ce da ma akwai wata gardama da ake yi a tasha, ya rasa wanda zai raba ta. Direban bas ɗin da ke bi ta asibiti da safe, mutane suna cewa duk garin nan babu mai hannunsa, wai ko kofin shayi ka ɗora a ƙasa ba zai zube ba.

Baba ya yi tsaki mai tsawo. Ya ce direban bas ba direba ba ne, mai jan akwati ne, babu ɗayansu da ya san bambancin burki da harbi.

"Ni ma ban yarda ba, Baba. Amma ni mai keke ne, ba a jin maganata a kan tuƙi. Ku ne in kun faɗa ta zauna."

Auta ta ga muƙamuƙin mahaifinta yana motsi. Ta san ya gane tarkon, tsoho ne ba yaro ba. Amma an buɗe masa ƙofar da zai bi ba tare da ya sunkuya ba, ga kuma damar raina wani, abin da bai taɓa bari ya wuce shi ba. Ya dogara sanda ya miƙe, ya ce zai je ne kawai don ya kunyata masu wannan magana. Ƙararrawa ya nemi inda zai ɗaure keke, bai ga ƙarfe mai ƙwari ba sai bambar motar da ke kan bulo. Ya dubi Baba. Baba ya kawar da kai, shi kuma ya zura sarƙa ya kulle. Rabon motar nan da ta yi wa wani amfani an daɗe.

Ba su jima a tasha ba bas ya zo. Wani matashi ya tashi ya ba Baba kujerar da ke bayan direba, Auta ta zauna kusa da shi, Ƙararrawa ya tsaya riƙe da ƙarfe. Tun kafin su bar unguwa Baba ya fara kushe direban. Wai ya yi saurin sauya giya. Ya matse mai babur. Wannan ramin ai ana ganinsa tun daga nesa. Yana faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji, Auta tana jin kamar ta nutse. Da suka hau babban titi bas ya shiga layinsa, motoci suna jere a gefe ba motsi, gunagunin ya fara raguwa. A wata kwana mai tsanani ta bayan kasuwa direban ya juya doguwar motar nan a hankali, ko jakar da ke cinyar Auta ba ta zame ba. Sai da suka miƙe Baba ya yi magana.

"Ba laifi," in ji shi, kamar ana cire masa haƙori.

Da za su sauka direban ya waigo ya gaishe shi, ya tambaya ko Baba tsohon direba ne. Baba ya ce wa ya gaya masa. Direban ya yi dariya ya ce tun da suka taso yake jin ƙafar Baba ta dama tana taka ƙasa a bayansa duk inda ya kamata a taka burki, har wani wurin tana riga shi. Baba ya dubi ƙafarsa. Ya dubi jar safar da ke tsaye kusa da ita. Da zai sauka daga matakala, kafaɗar Ƙararrawa ya dafa.

Sun samu likita. Aka auna idon, aka sauya magani, aka sa wata rana. A bencin tashar asibiti, suna jiran na komawa, Baba ya yi magana yana kallon titi, kamar da titin yake. Ya ce wata rana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, yana tuƙa matar maigidansa, ya hango mahaifiyar Auta tsaye a tasha da goyo, ta jiƙe sharkaf. Ta gan shi, ya gan ta. Ba shi da ikon tsayawa. Ya wuce, har tayarsa ta watsa ruwa wajen da take. Ba ta taɓa tayar da maganar ba har ta koma ga Allah, shi kuma bai taɓa mantawa ba. Goyon nan Auta ce.

"To kai," ya juyo, "me za ka ce mini? 'Yata za ta tsaya a tasha ko ba za ta tsaya ba?"

Auta ta dubi Ƙararrawa. Ta san amsar da za ta buɗe ƙofa, ta kuma san ba gaskiya ba ce.

"Za ta tsaya, Baba. Ba zan yi muku ƙarya sau biyu ba. Wata rana ma ruwa zai dake ta. Amma ba zan taɓa wuce ta ba. Inda ta tsaya nan zan tsaya."

Baba ya daɗe yana murza kan sandarsa. Auta ta share ido ta ce a hankali ai ya taɓa wuce ta a danja. Ƙararrawa ya ce ranar ba a tasha take ba. Wani abu mai kama da dariya ya fito wa Baba ta hanci, ya mayar da shi tari.

Da suka iso gida sun tarar da Mai Makulli a ƙofa, yana zaune cikin mota yana danna hon. Ya sauke gilashi ya ce ga shi ya iso, Baba ya shigo su tafi. Baba ya tsaya ya dube shi da ɗan ganin da aka tsare masa a ranar.

"Mun je mun dawo. Ka matsar da ita, ka tare mini benci. Kuma in ka sake zuwa ƙofar dattijo, ka fito ka yi sallama da bakinka, ba na amsa gaisuwar ƙarfe."

Gwaggo ta yi kwana da kwanaki ba ta huce ba. Ta ce an yi wa yayanta asiri da tikitin bas. Abin da ya ƙara ƙona mata rai, Baba ya daina zaman benci. Da safe sai ya sa hula ya nufi tasha, ya hau ya zauna bayan direba, ya je gaishe da abokan da ya yi shekaru bai gani ba, ya dawo da rahoton wanda ya iya tuƙi da wanda ya kamata a karɓe wa lasisi. Direbobin layin duk sun san shi, wasu har tsoron ganinsa suke. A wata dawowa irin wannan ce ya ce wa Auta, yana cire takalmi, ta gaya wa mai safar nan ya turo manyansa.

Ta shiga ɗaki ta ɗauki waya.

"Ƙararrawata, Baba ya ce ka turo. Kada wanda ya aro komai."

"Fasinjata, yanzu kin yarda da sunan?"

"Na yarda. Ka gyara kwandon baya."

Aka ɗaura aure cikin rufin asiri. Gwaggo ta so a yi jerin motoci, ta ce ko na aro ne, Baba ya ce kalmar aro ba ta sake shiga gidansa. Dangi suka cika bas guda, amarya a bakin taga, Gwaggo a gefenta tana ƙunƙuni tana kuma gyara mata mayafi, Baba a kujerarsa yana taka burkinsa. A danjar nan aka ji ƙararrawa sau biyu. Ango ne cikin kayan aure, ya tsaya daidai tagar, kuma bai wuce ba, tare da bas ɗin ya yi ta tafiya har ƙofar gidansa.

Da aka sauka Gwaggo ta hango ƙafar wandon, sabo fil, cushe cikin jar safa a gaban baƙi. Ta ja numfashi za ta fara, Baba ya ɗaga mata hannu.

"Bar shi. Da ita nake gane shi daga nesa."

Ya kama hannun 'yarsa ya sa a na mijinta, ya ce Allah ya sa albarka, ya ba su zaman lafiya da zuriya mai jin magana, ya tsare su a kan hanya, ya sa duk inda ɗaya ya tsaya ɗayan ya jira shi. Jama'a suka ce amin, Gwaggo ma ta ce amin, ko da yake idonta na kan safar.